Zuwa bakin tekun Railay da iyali a watan Agusta: abin da ya kamata a sani kafin a shiga kwale-kwale

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci da ke shirin kai iyalinsa kudancin ƙasar Tailan a watan Agusta: shi da maiɗakinsa, da yara biyu, da mahaifiyarsa mai fama da ciwon gwiwa. Sun ga hotunan bakin tekun Railay ya burge su, sai aka ce musu mota ba ta zuwa wurin sai jirgin ruwa, ga shi kuma babu wanda ya iya iyo a cikinsu. Yana son sanin ko tafiyar za ta yiwu, da yadda zai tsara ta.

Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Tafiyar za ta yiwu, kuma wurin ya cancanci a je. Sai dai na daɗe ina tsara wa matafiya hanya a wannan gaɓa, kuma abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, inda jirgin ruwa kaɗai ke kai mutum, teku ne ke yanke lokacin tafiya da na dawowa. Saboda haka ka fara tsara yadda za ku fito kafin ka tsara yadda za ku shiga. Watan da ka zaɓa ma ya ƙara wa wannan magana nauyi, zan zo kansa.

Railay ba tsibiri ba ne, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Wani ɗan yanki ne na ƙasa da ya miƙa cikin tekun Andaman a lardin Krabi, tsakanin garin Krabi da Ao Nang. Dogayen duwatsun farar ƙasa ne suka tsaya ƙiƙam a bayansa suka raba shi da sauran ƙasa, shi ya sa ba a iya fasa masa titi ba. Babu motocin haya a ciki, da ƙafa ake yawo. Ruwan sha, ƙanƙara, tukunyar gas, duk abin da ka gani a shago ta ruwa aka kawo shi, don haka kaya sun fi tsada a can fiye da Ao Nang. Abin da ya fi muhimmanci ga mai tafiya da dattijuwa shi ne motar asibiti ba ta shiga. Babban asibiti yana cikin garin Krabi, kuma duk wanda rashin lafiya ta kama sai an fara tsallaka da shi ta ruwa. Magungunan Hajiya su kasance a jakar hannu, a cikin leda mai rufewa, kuma ku ɗauki fiye da na kwanakin da kuke niyyar yi.

Wurin ya kasu gida huɗu, kuma sanin bambancinsu zai warware maka rabin matsalar. Railay ta Yamma ita ce wadda ka fi gani a hotuna, farin rairayi mai faɗi da duwatsu a gefe da gefe, tana fuskantar faɗuwar rana. Railay ta Gabas ba wurin wanka ba ce: laka ce da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, amma a nan gadar sauka take, a nan kuma masaukai masu ɗan sauƙin kuɗi suke. Tsakanin gabas da yamma tafiyar minti biyar zuwa goma ce a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Phra Nang tana can ƙarshen kudu, a ganina ita ta fi duka kyau, kuma ana isa gare ta daga gabas cikin minti goma zuwa sha biyar ta wata hanya da ke bin ƙarƙashin dutse. Ta huɗu ita ce Ton Sai, matattarar matasa masu hawan dutse, ba ta dace da tafiyarku ba, ku bar ta.

Yanzu maganar jirgi. Abin da ke jigila a wurin kwale-kwale ne na katako mai dogon baki, an ɗora masa injin mota a baya, an haɗa shi da wani dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshensa, matuƙin yana juya injin gaba ɗaya don ya bi da jirgin. Yana da ƙara sosai, ka gaya wa yara tun kafin ku shiga don kada su firgita. Daga Ao Nang minti goma ne zuwa sha biyar. Ana sayen tikiti a rumfar da ke bakin ruwa, a 'yan shekarun nan kusan baht 100 ne (baht shi ne kuɗin Tailan) kowane mutum da rana, da dare kuma kuɗin yakan ƙaru. Ba ya tashi da ƙarfe kaza, kamar motar haya yake a tasha, sai fasinja sun kai takwas. Tunda ku biyar ne, in jira ya yi tsawo ka biya kuɗin mutum ukun da suka rage ku tashi, ya fi a bar Hajiya tsaye a rana.

Inda matsalar take, jirgin Ao Nang a Railay ta Yamma yake sauke mutane, kuma a can babu gada. Matuƙi zai matso iya inda ruwa ya ba shi dama, ya rataya ɗan tsanin ƙarfe a gefe, kowa ya sauka cikin ruwa ya taka zuwa tudu. Wani lokaci ruwan iya idon sawu ne, wani lokaci har cinya, ga jirgin yana rawa da igiyar ruwa. Matashi ba zai damu ba. Mai ciwon gwiwa kuwa, wannan saukar ita ce wuri mafi haɗari a duk tafiyar, ya fi tsakiyar teku. Don haka shawarata ita ce ku bi ta tashar Ao Nam Mao, wadda ke gabashin Ao Nang. Daga can minti sha biyar ne zuwa Railay ta Gabas, kuma ana hawa daga gada a sauka a kan gada. Gadar ta Railay tana yawo ne a kan ruwa, tana ɗan motsi, sai ka riƙe Hajiya ta gefe ɗaya, Uwargida ta riƙe yara, a tafi a hankali ba gaggawa. Idan za ku kwana, ka tambayi otal ɗin tun kana biyan kuɗin ɗaki ko suna da jirginsu na ɗauko baƙi, yawancin manyan otal ɗin suna da shi, kuma suna da masu ɗaukar kaya. Akwati mai taya ba ya tafiya a rairayi. Ku bar manyan akwatuna a masaukinku na Ao Nang ko Krabi, ku shiga da jakar goyo.

Abu na biyu da yawancin baƙi ba sa lissafi da shi shi ne cikar teku da janyewarsa. A wannan gaɓa teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kusan awa shida. Lokacin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana jinkirta da kusan minti hamsin, domin wata yake bi. A kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wato daren sha huɗu da kewayensa, bambancin yakan fi girma, har ya kai kusan mita 3 tsakanin cika da janyewa. A irin waɗannan ranaku idan teku ya janye, Railay ta Gabas takan zama filin laka mai nisa, ta Yamma kuma jirgi yakan tsaya can nesa da tudu, mutum ya yi doguwar tafiya cikin ruwa da ƙananan duwatsu masu kaifi. A kwanakin bakwai zuwa takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, bambancin kaɗan ne. Ka duba kalandar wata tun yanzu ka ga inda ranakunku suka faɗa, sannan ka nemi jadawalin cikar teku na Ao Nang a intanet, kyauta yake. Ku yi ƙoƙarin isa da barin wurin cikin awa biyu kafin cika ko awa biyu bayanta. Wannan ɗan lissafin kaɗai yana iya bambanta tafiya mai daɗi da tafiyar da za a dawo ana jinyar ƙafa.

Tunda muna kan janyewar teku, akwai wani nau'in janyewa da ya kamata ka sani ka kuma koya wa iyali. A ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indunusiya, bayan kamar awa biyu igiyar tsunami ta iso gaɓar Tailan, mutum fiye da 5,000 suka rasu a ƙasar, har da lardin Krabi, musamman tsibirin Phi Phi. A wurare da dama teku ya fara ja da baya ne kafin ya dawo, mutane suka bi shi suna kallon kifi a ƙasa. Janyewar yau da kullum a hankali take, cikin awanni. Idan ruwa ya gudu cikin 'yan mintuna, ko ƙasa ta motsa a ƙarƙashinku, ko kuka ji jiniya, tudu za ku nufa nan take ba tare da tsayawa kwasar kaya ba. Tun bayan wancan bala'i an kafa hasumiyoyin gargaɗi da allunan da ke nuna hanyar gudu a gaɓar. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma duba allon ranar da kuka isa ba zai ci maka minti biyu ba.

Sai watan Agusta. Gaɓar Andaman tana da yanayi biyu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu rani ne, teku a kwance, ruwa garai-garai, kuma lokacin ne aka ɗauki hotunan da kuka gani. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ke kaɗawa daga kudu maso yamma, ta taso da igiyar ruwa kai tsaye zuwa gaɓar da ke fuskantar yamma, wato Ao Nang da Railay ta Yamma. Ba wai kullum ake ruwa ba, ana samun ranaku masu kyau a Agusta, ruwan sama yakan zo da ƙarfi ya wuce, ga sauƙin kuɗin otal da ƙarancin jama'a. Amma akwai ranakun da ake dakatar da jiragen Ao Nang gaba ɗaya. Ɓangaren gabas yana bayan duwatsu, iska ba ta dukansa sosai, shi ya sa hanyar Ao Nam Mao ke ci gaba da aiki a yawancin irin waɗannan ranaku. Ka ga dalili na biyu ke nan da ya sa na zaɓa muku ita.

Idan hutun yara da aikinka za su bari a ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Disamba da Maris, ni zan ɗaga. Idan ba hali, to ku je, amma da sharuɗa biyu. Na farko, kada ka sa ranar Railay ta zama ranar ƙarshe. Ku koma ɓangaren da mota ke zuwa aƙalla kwana ɗaya kafin ranar jirginku na sama, domin teku bai san kana da tikiti ba. Na biyu, idan matuƙa suka ce yau ba a fita, maganarsu ita ce ƙarshe. Za ka iya samun wani a gefe da zai ce zai kai ku in ka ƙara kuɗi, kada ka yarda. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A ranar 5 ga Yuli 2018 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife kusa da tsibirin Phuket, a wannan teku na Andaman, cikin guguwa, alhali hukumar kula da yanayi ta yi gargaɗi, mutum 47 suka rasu, dukansu 'yan ƙasar Sin. Jirgi ne babba mai hawa biyu, ya ninka kwale-kwalen da za ku shiga sau da yawa. Hukumar yanayi ta Tailan tana fitar da sanarwa idan igiyar ruwa ta yi girma, tana umartar ƙananan jirage su zauna a gaɓa, kuma ma'aikatan otal suna da labarinta kowace safiya. Ka tambaye su.

Game da rashin iya iyo, rigar kariya daga nutsewa ita ce amsar, kuma ba na sassauci a kanta. Jiragen suna da ita, sau da yawa a cushe a ƙarƙashin rumfa ko a gaban jirgi, fasinjoji kuma ba sa sawa saboda tafiyar gajeriya ce. Ku ku sa, a ɗaure igiyoyinta duka, tun kafin a tayar da inji. Ka lura da na yara musamman, domin yawancin waɗanda ke cikin jirgi na manya ne, yaro kuwa idan ya faɗa ruwa da rigar da ta fi shi girma zamewa yake yi ta ƙasa ta bar shi. Hanyar gwadawa ita ce ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama, in ta haura kunnensa ta yi masa yawa. Ana sayar da na yara a shagunan Ao Nang, sayen guda biyu ba asara ba ne, za su yi amfani da su a bakin ruwa ma. A cikin jirgi ku zauna tsakiya, a ƙasa-ƙasa, kada kowa ya miƙe sai an tsaya, kuma kada wanda ya kusanci bayan jirgi inda farfela take. Mai saurin jin juwa ya riƙa kallon can inda sama ta haɗu da teku, ya bar duba waya. Tafiyar minti sha biyar ba ta cika buƙatar magani ba.

A bakin ruwa, jar tuta tana nufin ba a shiga, ko da ka ga wasu a ciki. A damina akan sami wata magudana a cikin teku, inda ruwan da igiya ta turo yake komawa da ƙarfi ta wani ɗan siririn wuri, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido. Wanda ya iya iyo akan ce masa ya bi gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga cikinta. Ku da ba ku iya ba, iyakarku gwiwa, yara da rigarsu, babba yana kusa da su yadda hannunsa zai kai. Akwai kuma halittar nan mai taushin jiki da dogayen zaruruwa masu dafi da ake kira jelifish, ta fi yawa a damina. In ta harbi mutum a zuba ruwan khal, wato vinegar, a wurin sosai, kada a goga, kada a wanke da ruwan sha, in numfashi ya fara wuya a kira agaji nan take.

Rana a can tana da ƙarfi ko da hadari ya rufe ta, Krabi tazarar digiri takwas ce kawai daga layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Amma ka duba man kariyar da za ku saya. Tun watan Agusta na 2021 Tailan ta haramta amfani da man da ke ɗauke da wasu sinadarai huɗu, ciki har da oxybenzone da octinoxate, a gandayen ruwa na ƙasa, saboda suna kashe murjani, kuma tarar tana iya kaiwa baht 100,000. Riga mai dogon hannu da malafa sun fi mai aiki, ba sa kuma cutar da komai.

Birai suna nan da yawa, musamman a hanyar Phra Nang. Masu baƙin gashi da farin zobe a ido ba ruwansu da mutane. Masu ruwan ƙasa da doguwar wutsiya su ne ɓarayi, sun san ƙarar leda, suna fizge abinci daga hannun yaro. Kada a ba su komai, kada a riƙe abinci a fili. Cizo ko yaƙushinsu yana buƙatar a wanke da sabulu na tsawon minti sha biyar, a tafi asibiti a fara allurar ciwon haukan kare a ranar. A kan wannan hanyar kuma za ka ga wata gangara mai jar ƙasa da igiyoyi, wadda ake hawa zuwa wurin hango gari da wani tafki a tsakiyar dutse. Ko da rani tana da wuya, da damina kuwa santsi ne zalla, ana yawan karyewa a wurin. Ba ta yara ba ce, kai ma ban ba ka shawara ba a Agusta. In kuna son ganin cikin dutse, akwai kogon Phra Nang Nai kusa da gabas, da fitilu da hanyar katako, Hajiya ma za ta iya.

Gara in faɗa maka wasu abubuwa biyu tun yanzu don kada su zo muku ba zato. A ƙarshen rairayin Phra Nang akwai wani kogo da masunta suka mayar wurin bauta, cike da sassaƙen itace masu siffar al'aurar namiji da ake kawowa a matsayin hadaya. Yana gefe guda, kana iya zaunar da iyali a ɗaya ɓangaren ba tare da yara sun je wurin ba. Sannan wurin na baƙi ne daga ko'ina a duniya, da shigar wanka irin tasu. Da sassafe, kafin ƙarfe 9 ko 10 lokacin da jiragen masu yini ke fara isowa, rairayin kusan babu kowa, iska ma ta fi kwanciya. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin kwana ɗaya ko biyu a ciki ya fi zuwa a dawo a yini guda: za ku sami safiya, ba kuma za ku riƙa kallon agogo ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin Krabi Musulmi ne, matuƙan jirgi da yawa ma haka, akwai babban masallaci a kan titin Ao Nang, abincin halal kuma ba ya wuyar samu. Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa.

Masu sayar da yawon tsibirai za su tallata maka Maya Bay, wadda ita ma jirgi kaɗai ke zuwa, a tsibirin Phi Phi Leh mai nisan kusan kilomita 40. Cunkoson dubban baƙi a kullum ya lalata murjaninta har hukuma ta rufe ta a watan Yuni 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairu 2022, da sababbin dokoki: jirgi ba ya shiga cikinta, ta baya ake sauka a taka, ba a kuma yin iyo. A shekarun da suka biyo baya ana rufe ta a watannin Agusta da Satumba don ta huta. Ke nan duk wanda ya ce zai sauke ku a kanta a lokacin tafiyarku, ka binciki maganarsa da kyau kafin ka ba da kuɗi. Ko a buɗe take ma, doguwar tafiya a jirgi mai gudu cikin tekun damina dukan baya da gwiwa ne, ba zan sa Hajiya a ciki ba.

Idan kuka zaɓi yini ɗaya kawai, ku shiga da jirgin farko na safe, ku fito kafin ƙarfe 4 na yamma, ko ma da wuri in hadari ya fara haɗuwa ta yamma. Jigilar yau da kullum tana tsayawa ne wajen ƙarfe 6, rana kuma tana faɗuwa tsakanin 6 da 7 saura kwata duk shekara, duhu yana biyo ta da sauri. Ka riƙe tsabar kuɗi, matuƙa ba sa karɓar kati. Ka yi inshorar tafiya da ta haɗa da jinya, ka tabbata ta amince da shekarun Hajiya da ciwon da take da shi. Ka ajiye lambobi biyu a wayarka da ta Uwargida: 1669 ta agajin lafiya na gaggawa, da 1155 ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido, waɗanda ke jin Turanci. In ka turo mini ranakun da kuka tsayar, zan duba maka jadawalin cikar teku in gaya maka awannin da suka fi dacewa ku hau da waɗanda za ku sauka.